Bindiga Ba Ta Fashewa Sai Ta Yi Gargaɗi



A makon jiya ta'aziyya ta kai ni Maiyama. A hanyar dawowa na ratse wani ƙauye da ke tsakanin Maiyama da Jega domin in gai da wani dattijo, aminin marigayi mahaifina, wanda tun muna yara ba mu san wani sunan da ake kiransa da shi ba sai Baba. Maharbi ne na gado, ya gaji ubansa, uban ya gaji kakansa, kuma a zamanin ƙuruciyarsa babu fadamar da bai taka ba a gefen Gulbin Zamfara. Na tarar da shi a zaure, ga jikansa, saurayi ɗan shekara 20 da 'yan kai, zaune a gefe, hannun hagu naɗe cikin bandeji, ido ɗaya kuma a rufe da auduga. Ban kai ga tambaya ba Baba ya sa hannu ƙarƙashin tabarma ya jawo wani guntun ƙarfe ya ajiye a gabana. Bututun bindiga ne, ya dare daga wajen gindi kamar karan dawa da aka tsaga.

Na ce, "Baba, garin yaya?"

Ya ce, "Ɗana, mutanen gari sun ce sammu ne. Wasu sun ce cikin dare ya harbi abin da ba a harbi. Ni kuwa na ce masu bindigar nan sau uku tana yi masa magana, shi ne bai ji ba. Ran farko ta doke shi a kafaɗa har ya kwana biyu bai ɗaga hannu ba, ya ce ƙarfi ne. Rana ta biyu kunamarta ta koma baya da kanta bayan harbi, ya yi dariya. Rana ta uku hayaƙi ya fito ta gindi ya babbake masa gira, ya sami waya ya ɗaure wurin. Rana ta huɗu ba ta yi magana ba, aiki ta yi."

Yaron ya rasa babban yatsa da manuni, idon kuwa likita ya ce a jira a gani. Manomi ne, yana da sabuwar amarya, kuma yana cikin samarin da ke gadin ƙauyensu da dare. Da na tambaye shi abin da ya zuba a ranar, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, na ƙara mata kaɗan ne don ta yi nisa." Daga baya na ji cewa kaɗan ɗin nan garin da ya fasa harsashin kwanso ya ɗebo ne, ya gauraya da albarushin da ya saba. Wannan magana ta Baba, cewa bindiga tana magana kafin ta yi aiki, ita ce nake so mu tsaya a kanta a wannan makon, domin a ƙasarmu ta Gwandu, daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, da wuya a sami ƙauyen da babu harbi-ka-ruga a jingine a bayan ƙyaure, kuma da wuya a sami ƙauyen da babu wani mai guntayen yatsu da zai ba ka labarin ranar da tasa ta fashe.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin bututu. Idan wuta ta taɓa albarushi, cikin ƙasa da ƙiftawar ido garin nan yana komawa hayaƙi mai tsananin zafi, wanda ke neman wurin da ya ninka na garin sau ɗaruruwa. Hayaƙin ba ya zaɓen hanya. Yadda yake tura dalma gaba, haka yake tura bangon bututu ta kowane gefe, haka kuma yake tura murfin gindi zuwa fuskar mai harbi. Wannan turi shi ake kira matsi. Abin da ya sa harbi ke tafiya daidai shi ne dalma ta fi komai sauƙin gusawa, sai ta fita, matsin ya bi bayanta ya huce. Ranar da matsin ya fi ƙarfin ƙarfen, ko aka tare wa dalma hanya, to hayaƙi zai buɗe wa kansa ƙofa a inda ƙarfe ya fi rauni, kuma yawanci wurin nan yana tsakanin hannun hagu da idon dama.

Domin a gane girman abin, mu kwatanta da tayar mota. Mai faci a tashar Jega idan ya ba ƙaramar mota iska, ma'auninsa kan tsaya tsakanin 30 da 35, wato fam kaza a kan kowane inci murabba'i, kuma duk mun san ƙarar taya idan ta fashe. To, da wannan ma'aunin, iyakar da aka yarda wa harsashin bindigar farauta mai baki biyu, irin wadda aka fi sani a nan, ita ce 11,500. Harsashin bindigar zamani da ake kira .308 Winchester kuwa iyakarsa 62,000 ne, kusan ninki 2,000 na iskar taya. Wannan shi ne abin da mutum ke ɗorawa a kafaɗa, ya kwantar da kumatunsa a kai.

A Amurka da Turai akwai mafarauta da masu gasar harbi da yawa da ke ɗura harsashinsu da kansu a gida. Sukan tara kwanson da suka harba, su wanke, su sa sabon makunni, wato 'yar hular nan da ke gindin kwanso wadda ake bugu ta ba da wuta, su auna gari, su sa dalma. Da yake suna wasa da irin wancan matsi, sun mai da karatun alamu wani ilimi mai zaman kansa. Bayan kowane harbi mutum zai ɗauki kwanso ya juya gindinsa ya duba. Idan makunni ya baje ya shafe, gefensa da ke da ɗan lanƙwasa ya zama shimfiɗaɗɗe, alama ce. Idan ya huje, ko baƙin hayaƙi ya zagaye shi, alama ce mafi muni. Idan ƙarfen rufe gindin bindiga ya yi tauri wajen buɗewa har sai an sa ƙarfi, ko aka ga wani ɗan tabo mai sheƙi a gindin kwanso inda tagulla ta matsu ta shiga ramin ƙarfe, ko kwanson ya tsage, to babu gardama, an wuce iyaka.

Abin da ya fi burge ni a wurinsu shi ne ladabin binciken dalili. Ƙa'idarsu ta farko, da ganin alama a daina harbi nan take, sauran harsasan da aka ɗura tare kuma a warware su, kada a ce bari a ƙarasa. Ta biyu, ba a farawa daga iyaka. Ana farawa ƙasa da abin da littafin awo ya ƙayyade da kusan kashi 10 cikin 100. Ta uku, ba a canza abu biyu a lokaci ɗaya, domin in an canza gari da dalma tare aka ga matsala, ba a san wanne ne mai laifi ba. Ta huɗu, komai a rubuce yake: irin gari, nauyinsa, ranar ɗuri, har da zafin ranar da aka yi harbi, saboda sun lura ɗurin da ya yi lafiya a lokacin sanyi yana iya nuna alamun haɗari a lokacin zafi. Sannan masanansu suna ƙara wani gargaɗi da ya kamata mu riƙe da hannu biyu: sau da yawa kafin alama ta bayyana a ido, matsin ya riga ya zarce iyaka da nisa. Ganin alama hujja ce ta haɗari, amma rashin ganinta bai zama shaidar lafiya ba.

Wani zai ce, ina ruwan maharbin Andarai ko na Kimba da wannan, shi da ba kwanso gare shi ba, ba littafin awo? Ruwansa shi ne duk wanda ke ɗura bindiga ta baki, shi ma mai haɗa harsashinsa ne, kuma a kowane harbi sabo yake haɗawa. Bambancin kawai, wancan yana da sikeli mai auna ƙasa da nauyin ƙwayar gero, namu kuwa tafin hannu ne sikelinsa, wani lokaci ma cikin duhu. Wancan bututunsa an ƙera shi daga ƙarfen da aka tanada don wannan aiki, namu sau da yawa bututun ruwa ne ko wani ƙarfen tsohuwar mota. Bututun ruwa kuwa naɗe shi aka yi aka like, yana da ɗinki daga sama har ƙasa, kuma don ruwan famfo aka yi shi. Idan mai kayan aiki na ƙwarai yana tsoron matsi haka, ina ga wanda ba shi da ko ɗaya?

Ita ma harbi-ka-ruga tana da harshenta, kuma tsofaffin maharba sun san shi. Dukan kafaɗa da ya fi na kullum, magana ce. Ƙarar da ta sauya daga rugugin da aka saba ta koma tsawa mai kaifi, magana ce. Kunama ta koma baya da kanta, ma'anarsa hayaƙi ya biyo ta ramin wuta da ƙarfin da ya isa ya ɗaga ta. Hular wuta ta tarwatse ta watsu a fuska, ko hayaƙi ya riƙa tsiyaya ta murfin gindi, ko a ga tsaga a kotar itace kusa da inda ƙarfe ya zauna, duk magana ce. Mafi hatsari ita ce kumburi: a shafa bututu da yatsu daga baki zuwa gindi, in an ji wani wuri ya ɗan tasa kamar ƙwai a cikin maciji, to ƙarfen wurin ya riga ya miƙe ya sirance, kuma ba ya komawa. Bindigar da ta kumbura ta mutu, sai dai a yi mata jana'iza. Ɗaurin waya ko na roba, ko a kai wa mai walda ya shafa mata wuta, ɓoye ciwo ne kawai, wutar walda ma tana iya ƙara raunana ƙarfen da ke kewaye.

Dalilan da ke haifar da wannan matsi ba su da yawa, kuma kusan dukansu a hannun mai bindiga suke. Na farko shi ne wanda ya cinye yatsun jikan Baba, wato sauya gari. Albarushin gargajiya, baƙin nan mai hayaƙi, shi ne bindigar ɗuri ta sani tun asali. A shekarar 1884 wani masani ɗan Faransa, Paul Vieille, ya ƙirƙiro gari marar hayaƙi wanda ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi kusan sau uku, kuma irinsa ne ke cikin harsasan kwanso na yau. Ido ba ya bambance ƙarfinsu, domin cikin cokali ɗaya duk gari ne. Amma ko a ƙasashen da ake ƙera bindigogin ɗuri a masana'anta, da ƙarfe mai inganci, gargaɗin da ake bugawa a jikinsu shi ne kada a kuskura a zuba masu garin zamani, ko kaɗan, ko a gauraye. Haka nan duk wani haɗe-haɗen da samari ke yi idan albarushi ya yi tsada. Wanda ya zuba abin da bai san ƙarfinsa ba a bututun ruwa, gurneti ya haɗa ya ɗora a kafaɗarsa.

Na biyu shi ne ɗuri a kan ɗuri. Mutum ya ɗura da yamma bai harba ba, ya jingine. Ƙanensa ya zo da dare ya ɗauka, bai sani ba ya sake ɗurawa. Ko a cikin rububin farauta wuta ta ƙi kamawa, mai bindiga ya zaci ta tashi saboda ƙarar na kusa da shi, ya ƙara wani. Maganin wannan tsoho ne kuma ba ya cin ko sisi: a zura sandar ɗuri a bindiga lokacin da babu komai a cikinta, a yi wa sandar alama daidai bakin bututu. Duk ranar da alamar ta tsaya sama da baki, akwai abu a ciki. Na uku shi ne toshewa. Bakin bindiga ya caki laka a fadama, ko an bar ta a rataye tsawon damina zanzaro ya yi ɗakinsa a ciki, ko dalma ta maƙale a tsakiya ba ta sauka ta zauna a kan gari ba. Duk inda aka bar sarari tsakanin gari da abin da ke gabansa, nan ne bututu ke kumbura ko ya dare. Na huɗu tsatsa ce, domin toka da baƙin albarushi ke bari tana jan laima, tana cin ƙarfe daga ciki inda ido ba ya gani. Na biyar zafi, kuma mu da muke ganin ma'auni ya haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan bindigar da ta yini a rana.

Akwai kuma harsasan kwanso da wasu ke sake ɗurawa a ɓoye suna sayarwa da araha. Mai saye bai san abin da ke ciki ba, sau da yawa mai ɗurin ma bai auna ba. Wanda ya ga kwanso ya maƙale ya ƙi fita, ko gindinsa ya kumbura, ko ya tsage, to sauran da ke aljihunsa 'yan uwan wannan ne. Arahar nan ita ce Bahaushe ya ce ba ta ado.

Wannan matsala ba yau ta fara ba, kuma ba a kanmu ta fara ba. A shekarar 1460 Sarkin Sikotland, James na II, yana tsaye kusa da igwarsa a wajen yaƙin Roxburgh ta fashe ta kashe shi. A ranar 28 ga Fabrairu 1844 wata babbar igwa ta fashe a jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Princeton, ta kashe ministoci biyu, na harkokin waje da na sojan ruwa, alhali Shugaba John Tyler yana cikin jirgin. Abin lura shi ne darasin da suka ɗauka. A 1813 majalisar dokokin Ingila ta kafa gidan gwajin bindiga a birnin Bamingham, wanda har yau yana aiki. A can ake harba kowane bututu da ɗurin da ya fi na kullum ƙarfi, a cikin ɗaki mai kauri, babu mutum a kusa. Wanda ya jure a buga masa hatimi, wanda ya fashe ya fashe shi kaɗai. A 1914 ƙasashen Turai suka kafa hukumar C.I.P. domin daidaita wannan gwaji, Amurkawa kuma suka kafa SAAMI a 1926 don ƙayyade iyakar matsi ga kowane irin harsashi.

Mu kuwa tarihi ya bar mu da ragowar. Bindigar ɗuri ta shigo Afirka ta Yamma ta hannun 'yan kasuwar Turai a gaɓar teku, har Turawa ke jingina sunanta ga 'yan ƙasar Denmak da suka yi ciniki a gaɓar Gana ta yau. Da yawa daga cikin waɗanda aka riƙa ƙerawa domin kasuwar Afirka masu araha ne, kuma sun yi ƙaurin suna wajen fashewa. Zuwa ƙasar Hausa ta biyo hanyoyin fatauci, ta kudu da ta hamada, a zamanin da kasuwar Jega take cikin manyan zangunan fatake masu zuwa Gwanja saro goro. Sannan a yarjejeniyar Brussels ta 1890 Turawa suka hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, suka bar mana ta ƙyastu da baƙin albarushi. Maƙeranmu, da basirar da Allah Ya ba su, suka kwaikwayi siffar suka iya. Sai dai siffa muka gada, ba mu gaji gidan gwaji ba. A wurinmu kafaɗar mai saye ita ce gidan gwaji.

Me ya sa abin ya ƙaru a 'yan shekarun nan? Tsoro. Tsohon maharbi kamar Baba yana ɗuri ne don gada ko zabo ko gadu, ya san nisan da bindigarsa ke kaiwa, in dabba ta fi nan sai ya yi sanɗa ya matsa. Saurayin yau ya ɗauki bindiga ne bayan ya ji abin da ya faru a makarantar Birnin Yauri a watan Yunin 2021, da yadda aka kashe 'yan sa-kai da dama a masarautar Zuru a watan Maris na 2022, da abin da Lakurawa suka yi a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024. Ya san wanda yake tsoro yana riƙe da makamin da ya fi nasa nesa ba kusa ba, sai ya ɗauka in ya ƙara gari zai rage tazarar. Ba na ganin laifin tsoronsa, kuma kowa ya san gazawar da ta sa manomi ya koma mai gadi. Amma gaskiyar da ya kamata a faɗa masa ita ce, ƙarin gari ba ya mai da bututun ruwa bindigar soja. Abin da ƙarin ke ba dalma na gudu kaɗan ne, abin da yake ɗora wa ƙarfe na matsi kuwa mai yawa ne. Ƙauyen da mai gadinsa ya rasa hannu ya yi asara biyu, ya rasa mai gadi, ya rasa manomi.

Sai maganar sammu. Na san a al'adar farauta akwai abubuwan da aka yi imani da su, na ɗaure bindiga da na namun dajin da ake cewa suna da kwari, kuma ban zo yin musu da kowa a kan abin da ya gada ba. Abin da nake cewa shi ne, duk ranar da muka ce sammu ne, mun rufe ƙofar tambaya. Ba wanda zai ce wane gari aka zuba, wa ya ɗura, yaushe aka wanke ta, shekararta nawa. Ƙanen wanda ya ji ciwo zai je ya nemi laya, ya sayo irin wannan bututun, ya yi irin wannan ɗurin. Haka ma idan muka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa muka yi shiru. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda aka yi wa gargaɗi sau uku ya ɗaure da waya, akwai nasa kason a ciki. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Wani abin takaicin shi ne abin da ke biyo bayan fashewar. Jikan Baba sai da ya kwana biyu a gida ana yi masa na gargajiya, saboda tsoron kada a je asibiti a ce sai an kawo takardar 'yan sanda. Ya kamata kowa ya sani cewa tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda ya sami raunin bindiga ya fara yi masa magani, da takardar 'yan sanda ko babu, daga baya a sanar da hukuma. Aliero ta yi suna a faɗin ƙasar nan da ma maƙwabta wajen ɗorin karaya, kuma sunan nan ba a banza ta same shi ba. Amma hannun da ƙarfe ya tarwatsa, da tsatsa da toka a cikin nama, da jijiyoyin da suka tsinke, aikin tiyata ne da allurar rigakafin sandarewar jiki. A danne wurin da tsumma mai tsabta a tsai da jini, kada a zuba toka ko man birki, kada a taɓa abin da ya shiga ido, a nufi babban asibiti mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Birnin Kebbi ko Sakkwato. Kwana biyun nan da aka ɓata su ne sau da yawa ke raba mutum da hannu gaba ɗaya.

Ba na kiran kowa ya ɗauki makami, kuma dokar makamai ta 1959 tana nan daram: ƙera bindiga ba tare da izini ba laifi ne, ita ma bindigar ɗuri akwai hurumin kwamishinan 'yan sanda na jiha a kan lasisinta. Amma rufe ido ga abin da ke bayan kowane ƙyaure bai hana yatsu guntulewa ba. Don haka ina da kira guda huɗu. Sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta, tare da hakimai da dagatai, su mai da duba bindigogi al'ada kafin buɗe farauta da kafin hawan salla, duk wadda ta kumbura ko ta tsage a karɓe ta a miƙa wa hukuma. Duk ƙungiyar sintiri da gwamnati ta amince da ita, kada a tsaya ga ba ta babura da fitilu, a haɗa da horo a kan kiyaye kai. Asibitocinmu da kwalejin kiwon lafiya ta Jega su fara ƙidaya irin waɗannan raunuka daban, domin abin da ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafi. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero kuma, wadda aka kafa a 2006, tana da malamai da ɗaliban injiniya da za su iya bayyana wa jama'a a rediyo, da Hausa, abin da matsi ke yi wa ƙarfe, su nuna wa maharba bututun da ya fashe a gaya masu dalili. Idan har akwai ranar da hukuma za ta yi tunanin gwajin bindigogin da ta ba lasisi, ga masana'antar kayan yaƙi ta DICON a Kaduna tun 1964, ba sai an je Bamingham ba.

Kafin wannan rana ta zo, abin da ke hannun kowane mai bindiga shi ne kunnensa da idonsa. In wuta ta ƙi kamawa, kada a leƙa baki, kada a juya ta wajen mutane, a jira, domin wani ɗurin yakan makara kafin ya tashi. In ta nuna alama ɗaya daga cikin waɗanda muka lissafa, a sauke ta a ranar, kada a ce bari in gwada sau ɗaya tak. Kada a ara, kada a ba da aro, kada a harba ɗurin da ba kai ka yi ba.

Da zan tafi, Baba ya rako ni bakin mota yana dogara sanda. Na ce, "Baba, kai da ka yi shekaru sama da 50 kana harbi, yaya aka yi yatsunka goma suke cif?" Ya ce, "Ɗana, bindiga uku na binne da hannuna, kowacce tana da sauran kyau a ido. Abokaina sun yi mini dariya, sun ce na yi asarar kuɗi. Je ka gai da su, ka ga da wane hannu za su karɓi gaisuwarka."

Allah Ya ba yaron nan lafiya, Ya kawo mana zaman lafiyar da za ta sa manomi ya koma ga fartanyarsa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.